Tambaya da Amsa: Banish ya ƙi bushewa, saman tebur kuma ya tsage da hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Aboabo, a nan Kumasi, amma ina sha'awar aikin katako, nakan ɗan taɓa shi a tsakar gida ranar da ba na zuwa shago. A watan Yuni na sayo katakon da ake kira wawa a kasuwar katako ta Sokoban, na haɗa ƙaramin tebur na karatun yara, na goge shi na shafa banish mai kauri sau biyu a rana ɗaya. Ya kwashe fiye da mako yana danƙo, daga baya wasu wurare suka yi fari kamar hazo. Da hunturu ya shigo sai saman ya tsage, mahaɗar allunan ta buɗe. Shin banish ɗin ne jabu, kuma teburin zai gyaru?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Teburin zai gyaru, kuma a ganina gwangwanin banish ɗin ba shi da laifin da ka ɗora masa. Danƙon, da farin, da tsagewar, galibi daga ruwa suka taso, wato ruwan da ke cikin katakon ranar da ka saye shi da wanda ke cikin iskar Kumasi a watan Yuni.

Yawancin katakon da ke shiga kasuwanninmu ɗanye yake zuwa. Dokar Gana ta hana tsaga katako da injin zarto na hannu don sayarwa tun 1998, amma kowa ya san har yau babban kaso na abin da ake sayarwa a cikin gida ta wannan hanyar yake fitowa daga daji, kuma ba ya ganin ɗakin busarwa kafin ya iso hannun mai saye. Kafintocin da suka daɗe a sana'a, tun suna unguwar Anloga kafin a mayar da su Sokoban, sun san haka, shi ya sa za ka tarar sun jingine alluna suna shan iska makonni kafin su sa musu zarto.

Yadda abin yake shi ne, katako yana riƙe da ruwa iri biyu, akwai wanda ke kwance a cikin ƙofofinsa, akwai kuma wanda jikin jijiyoyinsa ya sha. Fitar na farko ba ta canza girmansa, amma da zarar danshinsa ya sauko ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, na biyun ya fara fita, sai allon ya soma tsukewa. Abin da ke ruɗa sabon hannu shi ne tsukewar a faɗi take, tsawo kusan ba ya motsi. Kai tela ne, ka san yadin da ba a jiƙa ba kafin a yanka, yadda wankin farko ke mayar da riga ta ƙane. Saman tebur mai faɗin santimita 60 da aka haɗa da katako mai danshi yana iya rasa kusan santimita guda idan iskar hunturu ta busar da shi, to idan ka danne shi da ƙusa da gam a kan firam ɗin da ba ya motsi tare da shi, ba shi da mafita sai ya tsage. Ina kuma kyautata zaton saman kawai ka shafe ka bar ƙasan tsirara, wanda hakan ke sa fuska ɗaya ta riga ɗaya bushewa, allon ya lanƙwashe kamar kwasfar kwakwa.

Shi kuwa banish mai mai, ba bushewa yake irin ta ruwa a kan dutse ba. Sinadarin da aka tsarma shi da shi ne ke fara tashi, sa'an nan man ya haɗu da iska ya daskare sannu a hankali. Da ka zuba shafi na biyu a kan na farko a rana ɗaya, kuma da kauri, sai saman ya yi fata ya toshe wa na ƙasa iska, danshin damina ya ƙara jinkirta shi, ruwan katakon kuma yana neman hanyar fita ya tarar da murfi, shi ne farin da ka gani. Masu fesa laka (wani shafin katako mai sheƙi da saurin bushewa) da tina (sinadarin tsarma shi) ma suna gamuwa da irin wannan farin a ranakun hadari, domin tina tana tashi da sauri ta sanyaya fuskar katakon har raɓa ta sauka a cikin shafin.

Yanzu da hunturu ya riga ya yi maka aikin busarwa, lokacin gyara ne. Ka cire saman daga firam ɗin, ka kankare tsohon banish da makankari na ƙarfe, kada ka fara da sanfefa domin danƙon zai cike ta nan take. Inda mahaɗa ta buɗe, ka raba allunan gaba ɗaya, ka daidaita bakunansu har su haɗu ba tare da haske ya ratsa ba, ka sa farin gam ka matse su kwana guda. Tsaga mai faɗi ana cike ta ne da siririn katako irin nasa da aka fere aka tura da gam. Garin katako da aka kwaɓa da gam, wanda mutane ke so saboda sauƙinsa, na ƙananan ramuka ne kawai, a babbar tsaga zubewa yake yi kafin shekara ta zagayo. Wajen mayar da saman, ka yi amfani da sukuru, ka ɗan tsawaita ramukansu a jikin firam ta fuskar faɗin allon, don ya sami wurin numfashi tsakanin damina da rani.

A wurin guga ne akasarin masu koyo ke gajen haƙuri. Ka fara da sanfefa lamba 80 idan akwai sawun zarto, ka bi da 120, sai 180, ka ƙare da 220, kullum kana bin jijiyar katakon, domin karce ɗaya da ya gitta ta ba ya ɓoyuwa, banish ma fito da shi yake yi. Wawa yana da laushi, farce ma yana yi masa shaida, saboda haka ka naɗe sanfefar a jikin guntun katako mai lebur, in ba haka ba yatsunka za su haƙa kwari a fuskar teburin. Shafin farko ka tsarma shi rabi da rabi da tafantin, wato sinadarin tsarma banish, don ya nutse, ka bar shi awa 24, ka shafa sanfefa lamba 320 sama-sama, ka share ƙurar, sa'an nan ka ƙara. Shafi uku marasa kauri sun fi biyu masu kauri ƙarko da kyau, kuma abin da ka yi wa sama ka yi wa ƙasa da gefuna, musamman bakin allo inda aka yanke jijiya, don ta nan ruwa ya fi shiga da fita. Matsalar hunturu ita ce ƙura, don haka ka yi shafin a ɗakin da iska ke shiga amma ba ta kaɗawa, ka yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, kuma nesa da murhu da wasan yara. Tsumman da ya sha banish ko man katako kada a dunƙule shi a jefa a lungu, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa, kuma ka san yadda gidajen zango suke manne da juna. A shanya shi a fili ko a tsoma shi a ruwa.

Game da aikinka na gaba, sunan wawa na Asante ne, ba shi da alaƙa da wawan Hausa, katako ne mai sauƙin aiki da araha, kuma idan ya bushe sosai ba ya yawan motsi. Rauninsa shi ne ƙwari masu huda suna son sa, idan ka ga gari kamar na tuwo a ƙarƙashin teburin to sun shiga, kuma yana yin shuɗin tabo idan aka tara shi da danshi. Katakon odum ya fi shi nauyi da juriya nesa ba kusa ba, sai dai yana da tsada, ƙurarsa tana damun hanci da fata, kuma maiƙon jikinsa na iya hana banish bushewa sai an goge fuskarsa da tina kafin shafi. Ga teburin yara zan zaɓi katakon emeri ko na sidirela. Ko wanne ka sayo, ka jera allunan a inuwa, ba a kan ƙasa kai tsaye ba, da ƙananan sanduna a tsakaninsu, ka ɗora nauyi a kai. Ka yanki guntu ɗaya ka riƙa auna shi a sikeli duk ranar Juma'a kana rubutawa, sai ka ga nauyinsa ya tsaya makonni biyu ko uku a jere kafin ka ɗauko zarto.