Gasar kurket ta yini ɗaya ga 'yan firamare: horo ce ko ɓata hannun yara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin wasanni ne a wata firamare a Kaduna. Mu makarantu takwas muna son mu haɗa wa yaranmu maza 'yan ƙasa da shekara 12 gasar kurket ta gajeren zango, oba takwas-takwas (oba ɗaya jifa shida ce), a gama a yini ɗaya. Wani dattijo da ya buga wasan a kwaleji ya ce mana wannan ba kurket ba ne, ɓata hannun yara kawai za mu yi. Gaskiyarsa ce? In kuma za mu yi, yaya za mu tsara ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Ku yi gasarku. Amma kada ku watsar da maganar Baba, dattijon nan naku, domin ba a iska ya tsinto ta ba. Kurket ɗin da su suka tashi da shi, irin wanda aka riƙa bugawa a Kwalejin Katsina tun shekarun 1920, wadda daga baya ta zama Barewa, wasa ne na haƙuri. Mai bugu yakan tsaya da sanda gaban turakunsa uku awa biyu yana kare su daga ƙwallon da ake jefowa, don in ta same su an fitar da shi, ƙwallon da bai yarda da ita ba ya bar ta ta wuce. Har gobe babban wasan ƙasa da ƙasa kwana biyar ake yi ana gwabzawa. Wanda ya sha wannan tarbiyya, in ya ga yaro yana kai wa kowace ƙwallo sara kamar mai faskare, dole ransa ya sosu.

Sai dai gajeren wasa ya daɗe da zama ɗan gida. Hukumar kurket ta Ingila ce ta fito da tsarin oba ashirin, wanda ake kira T20, a shekarar 2003, saboda 'yan kallo sun ƙaurace wa filaye. An buga gasar cin kofin duniya ta farko a wannan tsari a Afirka ta Kudu a 2007, Indiya ta doke Pakistan a wasan ƙarshe, kuma da shi kurket zai koma wasannin Olamfik a Los Angeles a 2028, bayan rabonsa da can tun 1900. Mu ma a nan gida da gajeren wasa muka fi yin suna: a watan Janairun 2025 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand da maki biyu kacal a gasar duniya a Malesiya.

Ni abin da nake ji muku tsoro daban ne, kuma lissafi ne kawai. Oba ɗaya jifa shida ce, oba takwas jifa 48 ke nan. In kuka kwaikwayi abin da ake gani a talabijin, yara sha ɗaya a kowane ɓangare, wanda aka fitar ya fita ke nan, to yara biyu ko uku masu ƙwari ne za su cinye jifan nan duka. Sauran suna zaune a gindin bishiya. Wani kuwa ya yi sati uku yana atisaye, uwarsa ta wanke masa farar riga, jifa ta farko ta tumɓuke masa turke, shi ke nan gasarsa ta ƙare cikin daƙiƙa goma. Na taɓa raka yara irin wannan gasa, sili ɗaya ƙwale aka yi, kafin ƙarfe goma na safe an yi waje da mu, yara huɗu ko sanda ba su riƙe ba. Biyu daga cikinsu ban sake ganin ƙeyarsu a fili ba, ƙwallon ƙafa ta janye abinta. Abin da ke ɓata yaro ɗan shekara goma a kurket shi ne zaman jira, ba gajartar wasa ba.

Maganin wannan an daɗe da samo shi, shi ne wasan bibbiyu, wanda makarantun firamare na Ingila ke amfani da shi. Kowace makaranta ta kawo yara takwas, a raba su gida huɗu, biyu-biyu. Kowane biyu su yi bugun oba biyu, ko an fitar da su ko ba a fitar ba. Ƙungiya tana farawa da maki 200 a aljihu. Duk gudun da suka yi daga turakun gefe ɗaya zuwa na ɗaya gefen a ƙara musu maki, duk lokacin da aka fitar da ɗayansu a cire biyar, su yi musayar gefe, wasa ya ci gaba. Misali, in sun ci maki 46 aka fitar da su sau huɗu, sun tashi da 226. A ɗaya ɓangaren kuma kowane yaro oba ɗaya zai jefa, har da mai tsaron bayan turaku, domin shi ma karɓa-karɓa ake yi. Ta haka babu wanda zai koma gida bai yi bugu ba, bai yi jifa ba.

Ku lura, wannan cire maki biyar ɗin shi ne amsar damuwar Baba. Yaron da ya kai sara ya ci huɗu, ya sake kai wani aka tumɓuke shi, zai ga da idonsa asarar ɗaya ya jawo wa 'yan uwansa. Ba sai kun yi masa wa'azi ba, abokin bugunsa ma ya ishe shi da harara. Kare turaku da ake koya a dogon wasa, a nan ma ana koyonsa, sai dai kuskure ba ya korar yaro daga fili.

Sai maganar fili da ƙwallo, inda manya suka fi cutar yara ba da niyya ba. Tsawon filin jifa na manya yadi 22 ne, mita ashirin da 'yan kai. Ɗan shekara goma ba shi da kafaɗar da zai kai ƙwallo can da miƙaƙƙen hannu, sai ya koma lanƙwasa gwiwar hannu yana wurgi kamar mai jifan mangwaro, alhali doka ta hana hakan, kuma in ya saba da wuya ya daina. Wannan ne ɓata hannu na gaskiya. A Ingila sun rage tsawon zuwa yadi 15 ga 'yan ƙasa da shekara 9, yadi 17 ga 'yan ƙasa da 11, yadi 19 ga 'yan ƙasa da 13. Ku ɗauki 17, ku huta. Iyakar fili kuma kada ta wuce mita 35 daga tsakiya, don yaro ya ɗanɗani daɗin fitar da ƙwallo waje.

Ƙwallon fata kuwa ku ajiye ta tukuna. Ta manya tana kai giram 160, ta yara ma tana tsakanin 133 da 144, kuma tauri gare ta kamar dutse. A 2014 irinta ce ta sami Phillip Hughes, ɗan wasan ƙasar Ostireliya, a wuya a wani wasa a Sydney, ya rasu bayan kwana biyu, alhali da hular kwano a kansa. In ba ku da hular kwano da safar hannu da kariyar ƙwauri da ta gaba da za su ishi kowa, kuma filinku na tsakuwa ne inda ƙwallo ke tashi yadda ta ga dama, to babu dalilin kasada da 'ya'yan mutane. Ku sayi ƙwallon tanis, ku naɗe ta tsaf da salatif irin na masu gyaran wuta. Ba ƙasƙanci ba ne. Da ita yaran Karachi ke wasa a kan titi, da ita suke raya gasar dare a watan azumi, kuma da yawa daga manyan masu jifan Pakistan da ita suka buɗe ido. Salatif ɗin yana ƙara mata nauyi da gudu, ga araha, in ta ɓace a cikin ciyawa ba wanda zai yi kuka. Duk da haka, ban da mai tsaron baya, kada yaro ya tsaya gaban mai bugu kusa da yadi 11.

Jifar da ta kauce hanya za ta yi yawa, wannan ku sa a ranku. Ku ba masu bugu maki biyu a wuce, kada a maimaita sai a obar ƙarshe. In kuka ce sai an maimaita kowacce, oba ɗaya za ta iya cin minti goma, yaron da ke jifa kuma yana ta ƙara ruɗewa a gaban jama'a.

Tsarin gasar kansa: ku manta da sili ɗaya ƙwale. Rukuni biyu, makarantu huɗu-huɗu, kowa ya kara da kowa, wasa sha biyu ke nan. Sannan na ɗaya ya haɗu da na ɗaya, na biyu da na biyu, har zuwa na huɗu, ƙarin wasa huɗu. Jimla sha shida, kowace makaranta ta buga huɗu. Wasa ɗaya yana cin kusan awa guda, saboda haka a fili biyu awa takwas kuke nema, wanda ya yi wa yara yawa. Ko dai ku sami filayen ƙwallon ƙafa biyu ku raba kowanne gida biyu, ku gama kafin azahar, ko ku raba gasar safiyar Asabar biyu. Ni na fi son na biyun, don yara sukan dawo sati na gaba da gyaran abin da suka gani. Lokacin hunturu ya fi dacewa. Kada ku kuskura ku kai ta Maris ko Afrilu, ranar bazara ba ta san yaro ba. Ruwan sha da inuwa da akwatin magani kuwa ba sai na faɗa ba.

Abu ɗaya da zai iya rusa muku komai shi ne rage shekaru, kuma mu malamai mu ne masu laifin, ba yara ba. Da zarar an ajiye kofi a kan tebur sai ka ga an shigo da ɗan shekara sha biyar mai tsiron gashin baki an ce ɗan aji biyar ne. Ku yarda tun yanzu cewa rajistar makaranta ce shaida, shugaban makaranta ya sa hannu a jerin sunaye sati biyu kafin ranar, kuma malami ba zai yi alƙalanci a wasan makarantarsa ba. Kyauta ma kada ta tsaya ga wanda ya fi cin maki. Ku ware wa wanda ya fi cafke ƙwallo, da biyun da aka fi kasa fitarwa.

Inda Baba yake da cikakkiyar gaskiya shi ne gaba kaɗan, daga shekara 13 zuwa 14. A nan yaro yake buƙatar oba ashirin, talatin, har ya koyi tsayuwar yini. Mumbai ta Indiya ta shahara da wannan: a gasar makarantu ta Harris Shield ne Sachin Tendulkar da Vinod Kambli suka haɗa maki 664 su biyu a 1988, shekara ta zagayo Tendulkar ya fara buga wa Indiya yana ɗan shekara 16. Wannan ba ya samuwa a oba takwas. Amma kafin a kai can sai an sami yaran da suka ƙi barin wasan, kuma aikin gasarku ke nan. Ku tuntuɓi ƙungiyar kurket ta jiha, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Kurket ta Nijeriya, ta turo masu horarwa su zo kallo, domin su ne hanyar da yaro zai bi zuwa gasar matasa ta ƙasa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A makonnin da suka rage, kashi biyu cikin uku na atisayenku ya tafi ga jifa da miƙaƙƙen hannu da cafke ƙwallo, don a wasan bibbiyu a nan ake cin gasa: ku zana da'ira da toka yadi uku gaban turaku, kowane yaro ya jefa shida, a ƙirga nawa suka sauka a ciki. Shi kuma Baba ku kai masa takardar gayyata har gida, ku roƙe shi ya yi muku alƙalancin wasan ƙarshe, sannan ku ba shi rabin awa da yaran ya nuna musu yadda ake tare ƙwallo da sanda a miƙe.