Kun Tambaya, Mun Amsa: Bess ta Hardwick da Mazanta Huɗu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun tarihin Ingila sai na ci karo da wata mata da ake kira Bess ta Hardwick. An ce ta yi aure sau huɗu, kuma in ban da Sarauniya babu macen da ta kai ta dukiya a zamaninta. Don Allah wace ce ita, su wa kuma ta aura?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ainihin sunanta Elizabeth, an haife ta wajen shekarar 1527 a yankin Derbyshire. Gidansu na masu ɗan rufin asiri ne, ba gidan sarauta ba, mahaifinta John Hardwick kuma ya rasu tana goye. Mijinta na fari Robert Barlow ne, yaro matashi, ya rasu a 1544, auren bai jima ba. A 1547 ta auri Sir William Cavendish, ma'ajin fadar Sarki, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, ya kuma tara abin hannunsa lokacin da Sarki Henry na Takwas ya rushe gidajen ibadar 'yan zuhudu na Katolika. Da shi kaɗai ta haihu: 'ya'ya takwas, shida suka rayu. Ya rasu a 1557. Bayan shekara biyu ta auri Sir William St Loe, shugaban dogaran Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, shi ma ya riga ta. Na ƙarshe shi ne George Talbot, mai riƙe da sarautar Earl ta Shrewsbury, ɗaya daga cikin manyan attajiran ƙasar. Ya rasu a 1590, ita kuwa sai a Fabrairun 1608.

Tambaya: Malamai, abin da ya ɗaure mini kai shi ne, na ji an ce a Ingila ta wancan lokaci matar aure ba ta da ikon dukiyarta. To ta ina ita Bess ta bi?

Amsa: Abin da ka ji haka yake, ɗan'uwa. Da zarar an ɗaura aure, kuɗin mace da kayanta sun zama na miji, filayenta kuma shi ke karɓar amfaninsu. Sai a 1882 doka ta ba matar aure cikakken ikon mallakar abinta. Amma ranar da miji ya rasu, hannun matar ya kwance. Doka ta ba ta sulusin abin da filayensa ke samarwa, ta ci iya rayuwarta. A lura, ci kawai za ta yi, ba ta da ikon sayar da filin, idan ta mutu ya koma wa magaji. Kuma samun sulusin ba a ruwan sanyi yake zuwa ba. Bayan rasuwar Barlow danginsa sun hana ta, sai da ta shafe shekaru tana shari'a kafin ta karɓi nata.

Babban haɗarin da ke jiran gwauruwa shi ne idan magaji bai balaga ba. A irin wannan hali fada ke karɓe riƙon yaron da filayensa, ta hannun wata kotu da aka kafa a 1540 musamman don riƙon marayun masu ƙasa. Fada na iya sayar da riƙon ga wanda ya taya da tsada, shi kuma ya ci amfanin gonakin, har ya zaɓa wa yaron mata. Bess ta ga wannan a gidan ubanta tun tana ƙarama. Shi ya sa da ita da Cavendish suka sayi gida da filayen Chatsworth a 1549 kan fam 600, aka rubuta takardun da sunan su biyu. Da ya rasu, gidan da filayen suka zauna a hannunta, babu mai cewa uffan, ko da yake babban ɗansu Henry yana yaro. Wannan dabarar ita ce ginshiƙin arzikinta, kuma a ganinmu ta fi duk wani gado da ta ci daga baya muhimmanci.

Sai dai Cavendish ya bar mata bashin fada sama da fam 5,000. Auren St Loe ne ya fid da ita, domin yana da fada a wurin Sarauniya: aka rage bashin ƙwarai, ya biya ragowar. Da zai mutu kuma ya yi wasiyya ya bar mata dukiyarsa, ya tsallake 'ya'yansa mata na auren fari da ƙanensa Edward. Wannan ya jawo mata baƙin jini a wurin dangin St Loe, kuma ba za mu ce 'yan matan nan ba su da abin kuka ba.

Tambaya: Wai da gaske ne ta haɗa 'ya'yanta aure da 'ya'yan mijinta?

Amsa: Gaskiya ne. A Fabrairun 1568 aka ɗaura aure biyu rana guda a Sheffield. 'Yarta Mary, mai shekara 12, ta auri Gilbert Talbot, ɗanta Henry kuma ya auri Grace Talbot da ba ta wuce shekara takwas ba. Babu jini tsakaninsu, agololi ne ga juna. Manufar ita ce ko da ɗaya daga cikin iyayen ya faɗi, dukiyar gidajen biyu ta ci gaba da zama a tukunya ɗaya. Ta wajen Mary lissafi ya fita, don Gilbert ne ya gaji sarautar ubansa. Ta wajen Henry da Grace kuwa zaman bai yi daɗi ba, ba su haihu tare ba.

Tambaya: Me ya ɓata tsakaninta da mijinta na huɗu, alhali sun fara da ƙaunar juna?

Amsa: Abu ne ya haɗu goma da ashirin. A 1569 Sarauniya Elizabeth ta damƙa wa mijin nata, Shrewsbury, tsaron Mary, hamɓararriyar Sarauniyar Sikotlan. Aka ɗauka na ɗan lokaci ne, sai ga shi an kai 1584. Shekara goma sha biyar ana yawo da fursuna da barorinta tsakanin Tutbury, Wingfield, Sheffield da Chatsworth. Fada ta yanka masa fam 52 a mako, daga baya ta rage zuwa 30, sauran daga aljihunsa. Da farko matan biyu sun saba, sukan zauna su yi ta ɗinkin ado da zaren siliki, suna fitar da siffar tsuntsaye da dabbobi. Wasu daga cikin ɗinkunan suna gidan Oxburgh har yau.

A 1574 kuma Bess ta yi kasada. A gidan Rufford ta aurar da 'yarta Elizabeth ga Charles Stuart, wanda ke da jinin sarauta, ba tare da izinin Sarauniya ba. Fada ta fusata, aka kulle uwar ango a Hasumiyar Landan, Shrewsbury kuma ya shiga tsaka mai wuya. Ga rigimar kuɗi: yana ganin ginin Chatsworth da hidimar 'ya'yan Cavendish na tatse shi, har ya nemi warware wata takarda da ya sa wa hannu a 1572 wadda ta miƙa filayen Bess ga 'ya'yanta William da Charles. Ga jita-jitar cewa yana neman fursunarsa. A 1584 mutanensa suka mamaye Chatsworth, Bess ta koma Hardwick, mahaifarta. Sarauniya da kanta ta shiga sulhu, bai ɗore ba. Da ya rasu ta karɓi sulusinta, ta gina sabon gidan Hardwick daga 1590 zuwa 1597, tagogin gilashi tun daga ƙasa har sama, da haruffan sunanta ES, wato Elizabeth Shrewsbury, a sassaƙe da dutse a kan kowace hasumiya.

Tambaya: Ina zuriyarta ta ƙare?

Amsa: Jikarta Arbella, 'yar wancan auren na Rufford, ita Bess ta raina tana mafarkin ta hau gadon sarauta. Ta tsare ta a Hardwick har yarinyar ta nemi gudu a 1603, da taimakon kawunta Henry. Bess ta cire su biyun daga wasiyyarta. Arbella ta yi auren ɓoye da William Seymour a 1610, Sarki James, magajin Sarauniya Elizabeth, ya sa aka kama ta, ta rasu a Hasumiyar Landan a 1615. Chatsworth kuwa takarda ta riga ta ɗaure shi ga ɗan fari, wasiyya ba ta iya taɓa shi, don haka Henry ya gada, amma bashi ya sa ya sayar wa ƙanensa William. William ɗin ya samu sarautar Earl ta Devonshire a 1618, aka ɗaga gidan zuwa sarautar Duke a 1694, zuriyarsa ce ke Chatsworth har gobe. Gidan Hardwick an miƙa shi ga gwamnati a madadin harajin gado, tun 1959 yana hannun ƙungiyar National Trust mai kula da gidajen tarihi.