Tseren kwale-kwale a buɗaɗɗen ruwa: me ake tanada kafin a busa usur?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Yauri ne, a bakin kogi na tashi. Na kalli bidiyon wani tsere da ake yi a Hawai, mutum shida cikin kwale-kwale ɗaya suna ratsa teku, wasu na faɗawa ruwa wasu na hawa, jirgin kuma bai tsaya ba. Wace doka suke bi da har ba a rasa rai? Ni da abokaina muna so mu shirya tsere mai nisa a tafkin Kainji, ba irin gajeren da ake yi gaban jama'a lokacin Rigata ba. Manyanmu sun ce tunda duk mun iya ruwa, babu wani tanadi da muke buƙata.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka gaida manyan, ka ce musu ban musa gwanintarsu ba, amma daga bakinsu muka ji cewa ruwa gwani yake ci. Iya iyo yana fid da mutum inda gaɓa take kusa kuma idon jama'a na kansa. Tseren Rigata da na Argungu a gaban dubban mutane ake yin su, kowane kwale-kwale ana kallonsa daga tashi har isa. Da zarar an miƙa tsakiyar ruwa, nisan kilomita uku ko huɗu, wannan idon ya ɗauke. Kan mutum a cikin raƙuman ruwa bai fi ƙwarya ba, kuma wanda ke zaune cikin kwale-kwale ba ya hango shi ko da tsakaninsu bai wuce taku ɗari ba. Duk dokokin tseren buɗaɗɗen ruwa a kan wannan matsala aka gina su. Kifewa ba abin mamaki ba ce, kowa yana kifewa. Abin da ke kisa shi ne mutum ya rabu da jirginsa, kuma babu wanda ya san ya ɓata.

Tseren da ka gani, bisa yadda ka kwatanta, shi ne Molokai Hoe. An fara shi a 1952, ana tashi daga tsibirin Molokai a ratsa mashigin Kaiwi zuwa Waikiki a tsibirin Oahu, tafiyar kimanin kilomita 66. Mata ma suna da nasu a kan wannan hanya, wanda aka fara a 1979. Ƙungiyar maza mutum tara ce, shida na tuƙi, uku na hutawa a jirgin rakiya mai inji. In lokacin canji ya yi, jirgin rakiya ya wuce gaba ya zubar da mutum uku a ruwa, su jera, mai riƙe da akala ya kawo kwale-kwalen daidai inda suke, uku su mirgina ta gefe guda, uku su haye ta ɗaya gefen. Abin da kyamara ba ta cika nunawa ba shi ne kowane kwale-kwale da nasa jirgin rakiya, kuma kafin tashi an duba rigunan ruwa, abin kwarfe ruwa, da murfin da ke hana igiyar ruwa cika jirgi. Wani abin lura kuma, a lokacin canjin nan ba teku ne babban abin tsoro ba, farfelar jirgin rakiya ce. An taɓa samun wanda ta sara a irin wannan canji. Shi ya sa matuƙin kirki yake cire giya ko ya kashe inji duk lokacin da mutum ke cikin ruwa kusa da shi. Ka riƙe wannan, domin ku ma jirgin inji za ku sa ya raka ku.

Akwai wani nau'in tseren na mutum ɗaya ko biyu, a siririn jirgi da ake kira safski, wanda ya yi ƙarfi a Afirka ta Kudu da Ostireliya. Tsawon na mutum ɗaya ya ɗan haura mita 6, faɗinsa bai kai rabin mita ba, kuma yaro ma zai iya ɗaga shi. Hukumar wasan kwale-kwale ta duniya ta fara gasar duniya a kansa a 2013 a Fotugal. A nan doka ta farko igiya ce, wadda ke ɗaure ƙafar matuƙi ko ƙugunsa da jirgi. Dalili kuwa, jirgi marar nauyi in ya kife iska ce ke ɗaukarsa tana mirgina shi, kuma babu gwanin iyon da zai cim masa. Jirgin nan shi ne abin da za ka rungume, shi ne kuma abin da masu ceto za su hango, ba kanka ba.

Amma kada ku kwafi wannan doka ido rufe. Igiya a ƙafa tana da amfani a sararin ruwa, tana da haɗari a inda ruwa ke gudu ko inda akwai itace a ƙarƙashi, domin in ta maƙale sai ta danne mutum a ƙasa. Shi ya sa masu amfani da ita suke sa mata maɓalli da ake fizgewa da hannu ɗaya. Kainji kuwa, tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya shanye daji da garuruwa, har yau akwai kututture a ƙarƙashi, ga tarun masunta ko'ina. Kwale-kwalenku na katako yana da nauyi, iska ba za ta gudu da shi kamar safski ba. Abin da ya fi dacewa da ku shi ne ku ɗaure jarkoki marasa komai, a rufe ruf, a goshin jirgi da bayansa, ku zagaya igiyar kamawa a gefensa, sannan ku yi doka cewa duk wanda ya kife ya tsaya a jikin jirginsa. Gaɓa tana yaudarar ido, takan yi kamar kusa alhali da nisa.

Rigar ruwa kuwa babu jayayya a kanta. A jiki ake sa ta a ɗaure, ba a zauna a kanta ba, domin wanda ya riga ya faɗa ruwa da wuya ya iya sa ta. Irin wadda masu tsere ke sawa ƙarama ce mai ƙarfin ɗagawa Niyutan 50, wato kusan nauyin kilo 5, wadda ba ta hana hannu motsi. Sai dai ka sani, wannan taimakon iyo kawai take yi, ba ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama. A jikin rigar ake ɗaure usur, a aljihunta ake sa waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Na ce a jikin mutum, ba cikin jirgi ba, domin wayar da ta tafi da jirgi ba ta da amfani ga wanda ke ruwa. A teku ana ƙarawa da wutar neman agaji mai hayaƙi, da oba-oba ta jiragen ruwa wadda tasharta ta 16 ce ta kiran gaggawa a duk duniya, wasu kuma har da ƙaramar na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Ku ba lallai ku sami waɗannan ba. Riga mai launi mai ɗaukar ido, usur, madubi ƙarami da tocila za su yi muku aiki mai yawa. Alamar neman taimako da hannu ita ce a miƙe hannuwa biyu a gefe, a riƙa ɗaga su ana saukewa a hankali, ko a ɗaga filafili sama ana kaɗawa. Ku yarda a kan alama ɗaya kafin tashi, don kada a ɗauka gaisuwa kake yi.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji, wato lissafin mutane. A watan Maris na 1993, a gaɓar Lyme da ke kudancin Ingila, ɗalibai takwas da malaminsu da masu horarwa biyu suka fita da ƙananan kwale-kwalen da ake kira kayak don gajeriyar tafiya a gefen gaɓa. Ba tsere ba ne ma. Iska daga tudu ta tura su cikin teku, jiragen suka cika da ruwa. Ba su da wutar neman agaji, ba a sanar da masu gadin teku fitarsu ba, kuma da lokacin dawowarsu ya wuce sai aka ɓata sa'o'i kafin a kira agaji. Ɗalibai huɗu suka rasu. An ɗaure shugaban kamfanin da ya shirya tafiyar, kuma a 1995 majalisar Birtaniya ta yi doka ta tilasta wa irin waɗannan cibiyoyi neman lasisi. Ba ƙarfin teku kaɗai ya ci yaran nan ba, jinkirin gane cewa sun ɓata ne.

Saboda irin wannan ne tsere mai tsari yake da rajista biyu, ta shiga ruwa da ta fita. Kowane jirgi da lambarsa babba a jiki, kowane matuƙi ya sa hannu ko ya karɓi alama kafin tashi, ya mayar da ita in ya iso. Wanda ya gaji ya janye a hanya dole ya sanar da jami'in tsere kafin ya kama hanyar gida, in ba haka ba za a tura mutane su yi ta nemansa a ruwa alhali yana gida yana cin tuwo, kuma masu shirya tsere ba sa wasa da hukuncin wannan laifi. Jirgin inji ɗaya yana gaba, wani yana can baya da na ƙarshe, ba ya wuce kowa, wasu kuma suna kai da kawo a tsakiya. Ana sa wuraren duba lamba a hanya, kowanne da lokacin da aka yanke. Wanda bai kai wurin a kan lokaci ba a ɗauke shi, ko yana so ko ba ya so. Wannan doka tana ɓata wa mutane rai, amma in jerin masu tsere ya yi tsawon da jiragen ceto ba za su iya rufe shi ba, to babu tsaro ga kowa.

Kafin tashi ana tara kowa a yi bayani: hanya, alamomin kwana da ta wane gefe za a zagaye su, inda za a fake in abu ya ɓaci, lambar wayar shugaban tsere, da yanayin iska. Wanda bai halarci bayanin ba, ba ya tashi. Shi tashin kansa iri biyu ne, ko a jera a kan ruwa tsakanin alamomi biyu, ko a tsaya a gaɓa a ruga a shiga jirgi in an busa. Wanda ya riga busa ana ƙara masa lokaci a matsayin tara. A wurin kwana, wanda ke waje ya bar wa na ciki hanya in sun jero. Bin sawun ruwan abokin takara dabara ce da aka yarda da ita a yawancin tsere, amma bin sawun jirgin inji maguɗi ne. Manyan jirage kuma ba a yi musu gardama: jirgin fasinja ko na kaya ba ya tsayawa nan take, kuma sau da yawa matuƙinsa bai ma gan ka ba.

Doka ɗaya ce ta fi gasar kanta: in ka ga wani cikin matsala, ka tsaya. Ko kai ne kan gaba. Alƙalai sukan mayar wa mutum lokacin da ya ɓata wajen ceto, wanda ya wuce ya bar ɗan'uwansa kuma a kore shi.

Batun yanayi, mutum ɗaya ake ba wuƙa da nama, shi ne shugaban tsere, kuma yana da ikon ɗagewa, rage hanya ko sokewa ko da baƙi sun riga sun zauna. A nan ne nake jin tsoron tsarinmu, domin in an gayyaci manya an kafa rumfa an yanka sa, da wuya a sami mai ƙarfin halin cewa yau ba za a shiga ruwa ba. To ku zaɓi wanda zai iya, ku rubuta iyakar tun kafin ranar, ku kuma sa ranar madadi a cikin sanarwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu teku suna auna iska da ma'aunin Beaufort mai hawa daga 0 zuwa 12. A mataki na 4, wato iskar kilomita 20 zuwa 28 a awa, ake fara ganin farin kumfa a kan raƙuman ruwa da yawa. Gwanayen safski iskar da ta fi wannan suke nema, don su hau igiyar ruwa ta tura su, amma ga kwale-kwale buɗaɗɗe marar murfi, farin kumfa alama ce ta a dakata. Tsawa ma tana da lissafi: ƙara tana tafiyar kusan kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku, don haka in tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, kowa ya nufi gaɓa, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. A Kainji ku guji farkon damina, lokacin da guguwa ke tasowa ba sallama, ku guji ranakun da hazon hunturu ya rufe gaɓa, ku tashi da sassafe. A ƙasashen sanyi ruwan da ɗuminsa bai kai digiri 15 a ma'aunin Celsius ba yana iya ɗauke numfashin mutum cikin minti na farko. Ku zafi da ƙishirwa ne za su fi damun ku, sai a tanadi ruwan sha a kowane jirgi.

Shawarata, kada ku fara da ratsa tsakiyar tafki. Ku fara da hanya mai bin gaɓa, kilomita 8 ko 10, inda ba za a yi nesa da tudu ba. Ku je wurin Sarkin Ruwa da Sarkawa su nuna muku inda kututture yake, inda dorina ke zama, da inda aka zuba taru, domin babu taswirar da ta san wannan kamar su. Ku sanar da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da 'yan sandan ruwa, ku tanadi mota da ma'aikacin lafiya a wurin isa. Sannan mako ɗaya kafin ranar, tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ku fita da jiragen rakiyar ku kifar da kwale-kwale ɗaya da gangan a ruwa mai zurfi, kowa sanye da rigarsa, ku duba agogo ku ga minti nawa za a ɗauka kafin a tsamo mutum na ƙarshe. Adadin da kuka samu shi zai gaya muku jiragen ceto nawa kuke buƙata, da kwale-kwale nawa za ku iya yarda su shiga.