Filtar baƙin mai ta cije: da wane ƙarfe za a kwance ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a Kura, ina da tarakta Massey Ferguson 375. Na tashi juyen mai kafin a shiga aikin haro, sai filtar baƙin mai ta ƙi kwancuwa. Mu biyu muka kama ta da hannu, ko gezau. Yarona ya ce a soka mata sukudireba a murɗa. In bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ka dakatar da yaron nan tukuna. Jikin filta bai fi gwangwanin madara kauri ba sosai, kuma idan ta cije da gaske, sukudireba yaga ta kawai zai yi. Ka ga an rasa wurin kamawa, ga ƙarfe mai kaifi yana jiran hannu, ga tarakta ba ta tashi sai an kawo bakanike. Da filta mai taurin kai dai kana iya ƙarasa aikin yini, da yagaggiya kuwa ko taku ɗaya ba za ka yi ba.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Tayar da injin ya yi kamar minti 5 ya ɗumama, ka kashe, ka cire makulli. Ɗumi ake so, ba zafin da zai ƙona hannu ba, domin ɗumin yana sassauta robar da ta manne a gindin filtar. Goge maiƙo da ƙurar da ke jikinta tas, ka naɗa mata sanfefa ko robar tsohon tub, ka murɗa. A kula da ɓangaren da ake juyawa: idan kana fuskantar rufaffen kan filtar, akasin tafiyar hannun agogo ake kwancewa. Mutane da yawa kan rikice a nan idan filtar tana rataye kai ƙasa su kuma suna miƙa hannu ta sama, sai su yi ta ƙara ɗaure ta suna ganin kwancewa suke yi.

In hannu ya gaza, sai ƙarfe. A tarakta irin taka akwai fili a gefen injin, don haka sifanar filta mai bel ko mai sarƙa ita ce taka. Mai bel ba ta lotsa filta kuma tana kama kowane girma, sai dai tana zamewa in akwai maiƙo. Mai sarƙa ba ruwanta da maiƙo, tana nutsewa a jikin gwangwanin ta riƙe gam. Za ta lotsa shi, amma ai filtar dama ta gama aikinta. Ni in ɗaya tak manomi zai iya saya, mai sarƙa nake ce masa ya ɗauka, domin za ta yi masa a filtar baƙin mai, ta yi a filtar gas mai ɗauri irin wannan.

Wurin kamawa ya fi ƙarfin damtse muhimmanci. Ka sa sarƙar ko bel ɗin can gindi, dab da inda filtar ta haɗu da injin. A nan ne faifan ƙarfe mai kauri yake. Tsakiya fanko ne, kana matsa shi zai lanƙwashe. Sannan a ja a hankali da ƙarfi ɗaya, ba fizga ba.

Idan babu mai sayar da ita kusa, tsohon fambel ya isa. Ka zagaya shi a gindin filtar, ka zura bakinsa biyu cikin zoben babbar sifana, ka murɗa sifanar har bel ɗin ya shaƙe filtar, sai ka ja ta ɓangaren kwancewa. Masu sarƙar babur ma suna yin irin wannan dabara.

Sukudireba sai duk waɗannan sun gaza, kuma sabuwar filta tana hannunka. Ko a lokacin, kada a soka dab da gindi, saboda bututu mai tiredi da filtar ke ɗauruwa a kansa yana ciki, in ya lalace gyaran ya wuce na filta.

Tambaya: Malam, motar da nake kai kayan gwari kasuwa da ita, filtarta tana can cikin lungu, hannu ma da ƙyar yake shiga. Mai sarƙa ba ta samun wurin juyawa.

Amsa: Ɗan'uwa, taka matsalar ta wuri ce. Nemi mai kofi, wadda ake kifawa a kan filtar a juya da hannun soket. Amma girma-girma ce, sai ta dace da faɗin filtar da yawan tsagin da ke kanta, don haka ka tafi shago da sabuwar filtar a gwada a gabanka. Akwai kuma mai farce uku, wadda ke ƙara damƙa yayin da kake juyawa. Ita ce ke ceto idan kofin ya fara zamewa. Wani abu kuma: wasu motocin Toyota na baya-bayan nan takardar ciki kaɗai ake canja musu, murfin kuwa na roba ne mai zama a motar. Wannan kofinsa kawai ake sa masa, yawanci mai milimita 64 da tsagi 14. Sarƙa ko filaya fasa shi za su yi.

Tambaya: Me ke sa ta cijewa tun farko? Duk juyen mai sai mun sha wannan wahala.

Amsa: Wanda ya ɗaura ta ne, Malam. Ko dai ya ɗaure da ƙarfe, ko ya sa ta da busasshiyar roba, ko an bar ta ta wuce lokacinta tana gasuwa. Duk sifanar da na lissafa ta kwancewa ce, ba a ɗaure filtar gwangwani da ita. Shafa sabon mai a robar da yatsa, juya da hannu har robar ta taɓa injin, ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya, ko abin da aka rubuta a jikin filtar. Kafin nan ka leƙa ka tabbata tsohuwar robar ta fito tare da tsohuwar filta. Wannan na fi jin tsoro, domin in roba biyu suka hau kan juna, mai zai tsiyaye ana tsakiyar aiki, direba bai ankara ba injin ya buga. Bayan an zuba mai a tayar minti 2, a duba ɗiga, a kashe, a sake auna mai.

Tsohon man kuma a tara shi a jarka. Don Allah kada a zubar a gona ko a magudanar ruwan fadama, kada kuma a shafa wa dabba a kan ƙaiƙayi ko ciwo.

Tambaya: Na duba injin ban ruwana ko'ina ban ga filtar baƙin mai ba.

Amsa: In ƙaramin nan ne mai fetur, irin Honda GX160 da masu kama da shi, ba shi da ita. Shi ya sa man nasa ke saurin datti. Ka juye na sabon inji bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100, ka kuma riƙa wanke soson iska akai-akai, musamman da hunturu.