Tambayoyinku: Abin da Doka Ke Nema Daga Mai Cibiyar Adana Bayanai da Mai Haya a Cikinta

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu kuma a kan cibiyoyin adana bayanai suke, wato manyan gine-ginen nan da ake jera dubban kwamfutoci a cikinsu domin ajiye bayanan bankuna da asibitoci da hukumomi da shafukan sada zumunta. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka abin da za mu faɗa haske ne na gaba ɗaya, ba zai maye gurbin zama da lauyan da ya san dokar wurin da aikin yake ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokan kasuwancina mun mallaki fili, muna son gina cibiyar adana bayanai mu riƙa bai wa kamfanoni haya. Takardar mallaka tana hannunmu, mai zanen gini kuma ya gama nasa aikin. Bayan izinin gini, akwai sauran wata takarda da za mu nema?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, akwai sauran takardu, kuma wadda ta fi muhimmanci a cikinsu ita ce ba ka ambata ba: yarjejeniyar ba ku wutar lantarki. Babbar cibiya guda ɗaya kan ja megawat masu yawa dare da rana ba tare da yankewa ba, wutar da za ta ishi dubban gidaje, kuma babu kamfanin rarraba wuta da zai ɗauki wannan nauyi don kawai ginin ya riga ya tsaya. A ƙasar Ireland, alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna cewa cibiyoyin adana bayanai sun sha kashi 5 cikin 100 na wutar da aka auna a 2015, amma zuwa 2023 abin ya kai kashi 21 cikin 100. Tun a ƙarshen 2021 hukumar da ke sa ido kan harkar wuta a can ta tsaurara sharuɗɗan haɗa sababbin cibiyoyi da babban layi, kamfanin EirGrid mai kula da layin kuma ya nuna cewa yankin Dublin ya cika. Masu filaye da takardun mallaka tsaf sun zauna jiran gawon shanu. Singafo ma ta dakatar da amincewa da sababbin cibiyoyi daga 2019 zuwa 2022, haka hukumomin Amsterdam da ke Holan suka ɗage ba da izini a tsakiyar 2019.

Saboda haka, kafin ku haƙa harsashi, ku samu rubutaccen alkawari da ya bayyana yawan wutar da aka ware muku, da ranar da za a haɗa ku, da wanda zai biya kuɗin sabon layi ko ƙaramar tashar da aikin zai buƙata, da kuma abin da zai faru idan ranar ta zo ba a haɗa ba. Ku lura da sharaɗin nan da ake yawan sakawa, wanda ke tilasta muku biyan kuɗin wani kaso na wutar da aka ware ko kun sha ko ba ku sha ba, domin idan masu haya suka yi jinkirin shigowa, wannan sharaɗi kaɗai yana iya cinye jarinku.

Sai batun filin kansa. Mallakar fili daban, izinin yin irin wannan aiki a kansa daban. Dole a duba ko tsarin birni ya ware wurin ne domin masana'antu, ko domin gidaje, ko domin noma, idan kuma za a sauya masa matsayi, a bi kowane mataki da doka ta gindaya, musamman sanar da jama'a da sauraron ƙorafinsu. A gundumar Prince William ta jihar Virginia a Amurka, hukuma ta amince da wani katafaren aikin cibiyoyi a watan Disambar 2023, amma a watan Agustan 2025 kotu ta rushe amincewar, a kan cewa ba a yi sanarwar zaman sauraron jama'a yadda doka ta tsara ba. Kuskuren sanarwa a jarida ne ya tsayar da aikin biliyoyin daloli, kuma irin wannan ne abin da 'yan kasuwa kan raina su miƙa wa ƙaramin ma'aikaci.

Ruwa ma yana da nasa izinin, domin cibiyoyi da yawa da shi suke sanyaya na'urori. A Chile, wata kotun muhalli ta umarci a sake duba izinin da aka bai wa Google a yankin Cerrillos na Santiago a 2024 saboda fargabar abin da aikin zai yi wa ruwan ƙarƙashin ƙasa, daga baya kamfanin ya ce zai sake tsarin ya koma sanyaya na'urori da iska. Janaretocin ko-ta-kwana su ma sukan buƙaci lasisin hayaƙi da na ajiyar man dizal, ƙarar injinan sanyi kuma tana cikin abubuwan da maƙwabta suka fi kai ƙara a kai. Wasu ƙasashe sun wuce nan: dokar da Jamus ta kafa a 2023 ta ƙayyade yawan wutar da cibiya za ta ɓatar wajen sanyi da sauran hidindimu, ta kuma nemi sababbin cibiyoyi su yi amfani da wani kaso na zafin da suke fitarwa maimakon su sake shi a iska.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina kula da sashen kwamfuta na wani kamfani, kuma za mu kama haya a wata cibiya. Yarjejeniyar ta ce za a tabbatar mana da aiki kashi 99.99 cikin 100. Na gaya wa shugabata cewa da wannan alkawari mun tsira. Na yi daidai?

Amsa: Malam, ka yi gaggawar yi mata albishir. Mu fara da lissafi: kashi 99.99 cikin 100 yana nufin an yarda aiki ya tsaya kusan minti 52 a shekara, kashi 99.9 kuwa ya kusa awa 9. To, amma lambar ba ita ce wurin da ake kayar da mai haya ba. Abin dubawa shi ne me alkawarin ya rufe, kuma me za a ba ka idan an saɓa. Sau da yawa alkawarin a kan wuta da sanyi kawai yake, bai shafi layin intanet ba, sannan an cire lokutan gyara da aka sanar tun da wuri daga lissafi, ga shi kuma wasu yarjejeniyoyin ba sa fara ƙirga lokacin tsayawar aiki sai daga sa'ar da kai da kanka ka kai rahoto a rubuce.

Idan aka saɓa, abin da aka saba bayarwa shi ne rangwame a kuɗin hayar watan gaba, kuma za ka tarar da wani sashe da ke cewa wannan rangwame shi ne iyakar haƙƙinka. Can ƙasa akwai wani sashen da ke cewa mai cibiya ba zai biya ribar da ka rasa ko bayanan da suka salwanta ba, kuma duk diyyar da zai biya ba za ta wuce kuɗin hayar wasu watanni ba, galibi na shekara guda. Ka auna wannan da asarar da kamfaninku zai tafka idan aiki ya tsaya kwana biyu. A ganina mai cibiya bai yi zalunci ba da ya sa wa kansa iyaka, domin babu wanda zai karɓi hayar ɗaki ya ɗauki nauyin dukiyar banki gaba ɗaya. Laifin na mai hayar da ya sa hannu bai san giɓin da ya rage masa ba, balle ya cike shi da inshora ko da ajiya ta biyu a wani wuri.

Gobarar da ta tashi a cibiyar kamfanin OVHcloud da ke Strasbourg a Faransa ranar 10 ga Maris 2021 ta koyar da wannan darasi. Gini guda ya ƙone ƙurmus, wani ya lalace, shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka ɗauke. Wasu masu haya da suka biya kuɗin ajiya ta biyu sun gano cewa kwafin nasu a wuri ɗaya yake da na asali, duka wuta ta cinye. A 2023 kotun kasuwanci ta Lille ta umarci kamfanin ya biya wasu daga cikinsu diyya, kuma abin da ya taimake su shi ne kalmomin yarjejeniyar da suka nuna cewa za a raba kwafin da na asali. Don haka kada ka wadatu da jin cewa akwai ajiya ta biyu. A rubuta garin da take da nisanta daga ta farko.

Ka kuma karanta sashen uzurin da ya fi ƙarfin ɗan Adam da idon basira. Idan aka saka ɗaukewar wutar gari a cikinsa, to alkawarin ya zama fanko, tunda janareto da batura su ne ainihin abin da kake biyan kuɗinsu. Daga nan ka duba ƙofar fita: kwana nawa za a ba ku ku kwashe kayanku, shin mai cibiya yana da ikon riƙe kwamfutocinku idan an samu saɓani kan kuɗi, kuma me zai faru idan ya karye ko ya sayar da ginin ga wani. Idan shi ma hayar ginin yake yi, ka nemi a nuna maka cewa wa'adin hayarsa ya zarce naku.

Tambaya: Malam, idan bayanan mutanen wata ƙasa suna ajiye a cibiyar da ke wata ƙasa, kamfanin da ya mallaki cibiyar kuma na ƙasa ta uku ne, dokar wa ke aiki? Ni ɗalibar shari'a ce, abin ya ɗaure mini kai.

Amsa: Malama, ba ke kaɗai ya ɗaure wa kai ba, domin amsar ita ce dukkan ukun suna iya aiki a lokaci guda, wani lokaci ma su ci karo. Dokar ƙasar da ginin yake tana aiki saboda kayan suna cikin iyakarta. Dokar ƙasar masu bayanan tana iya bin bayanan duk inda suka je, kamar dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta kuma shafi kamfanin da ke wajen Turai muddin yana sayar wa mutanen da ke cikinta kaya ko hidima. Dokar ƙasar kamfanin kuma tana bin kamfanin. A 2013 hukumomin Amurka suka nemi Microsoft ya miƙa saƙonnin imel da ke ajiye a Dublin, kamfanin ya ƙi, shari'a ta kai har Kotun Ƙoli, kafin a yanke hukunci majalisa ta kafa dokar CLOUD Act a watan Maris 2018, wadda ta fayyace cewa kamfanin da ke ƙarƙashin ikon Amurka zai miƙa bayanan da ke hannunsa ko a ina suke ajiye.

Wannan karo na dokoki yana da tsada. A watan Yulin 2020 kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyar da ake dogara da ita wajen tura bayanai zuwa Amurka, a shari'ar da ta samo asali daga ƙorafin Max Schrems, ɗan ƙasar Austriya, sannan a watan Mayun 2023 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci tarar kamfanin Meta Yuro biliyan 1.2 a kan tura bayanan masu amfani da Facebook. Wasu ƙasashe sun zaɓi su ce bayanan su zauna a gida: Rasha ta fara aiki da irin wannan doka a watan Satumbar 2015, ta kuma toshe shafin sada zumunta na LinkedIn a 2016 saboda ƙin bin ta, Babban Bankin Indiya kuma ya umarci a ajiye bayanan biyan kuɗi a cikin ƙasar a 2018.

Abin da zai amfane ki a aiki shi ne rarrabe matsayin kowa. GDPR ta bambanta wanda ke yanke shawarar abin da za a yi da bayanai da wanda ke sarrafa su a madadinsa, ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya a tsakaninsu, ta bai wa na farko awa 72 ya sanar da hukuma idan an yi kutse, ta kuma ce na biyu ya sanar da na farko ba tare da jinkiri ba. Mai cibiyar da ke ba da ɗaki da wuta kawai yakan ce shi ba ya taɓa bayanai, amma da zarar ma'aikatansa sun fara kula da kwamfutocin ko yin kwafin ajiya, wannan hujja takan yi rauni.

Tambaya: Idan kwamfutocin cibiya suka tsufa, akwai laifi a sayar da su gwanjo?

Amsa: Babu laifi a sayar da ƙarfen, amma alhakin abin da ke cikin faifan ajiya yana nan a wuyan mai shi har sai an goge shi gogewar da ba ta dawowa, ko an niƙe faifan. Bankin Morgan Stanley ya rufe cibiyoyinsa biyu a 2016, ya bai wa wani kamfanin jigilar kaya da bai ƙware a lalata bayanai ba aikin kwashe na'urorin, wasu faifan suka ƙare a kasuwar gwanjo ta intanet da bayanan abokan hulɗa a cikinsu. Wata hukumar kula da bankuna ta Amurka ta ci shi tarar Dala miliyan 60 a 2020, hukumar kula da hannayen jari ta ƙara masa miliyan 35 a 2022. Duk wanda za ku bai wa wannan aiki, ku sa ya kawo takardar shaidar lalatawa mai ɗauke da lambar kowane faifai, ku gwada ta da jerin da ke ofishinku kafin ku biya shi. Idan kuma kayan za su ƙetare iyaka a matsayin sharar lantarki, yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta tsara jigilar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe, da dokokin ƙasashen biyu sun shigo ciki, sai a nemi izini kafin a loda su.