Tambaya da Amsa: Abin da VPN ke ɓoyewa da wanda ba ta ɓoyewa

Assalamu alaikum. Tambayoyi uku na zaɓa a wannan makon, duka daga jihar Bauchi.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Yelwa. Tun da aka rufe Twitter na sa VPN ta kyauta a wayata, har yau ban cire ba. Abokina ya ce muddin tana kunne babu mai sanin abin da nake yi. Haka ne? Kuma me ya sa ba ta yi wa yayana aiki ba a Gusau lokacin da aka katse layi?

Amsa: Ƙanena, abokinka ya faɗi rabin magana ne. Duk shafin da ka buɗe, saƙonka ta hannun kamfanin layinka yake bi, ko MTN ne ko Airtel ko Glo, kuma kamfanin yana ganin sunan shafin da ka nufa. Shi ya sa a ranar 5 ga Yunin 2021, bayan Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari, gwamnati ta ba kamfanonin umarni suka toshe hanyar, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022.

Aikin VPN kamar ka je tasha ne ka ba direban Jos ambulan a liƙe. 'Yan kamasho sun ga ambulan za ta Jos, iyakar saninsu ke nan. Wanda ya karɓa a can shi zai buɗe ya kai wa mai ita. Haka VPN ke naɗe saƙonka ta tura wa wata kwamfuta a Holan ko Amurka, ita kuma ta buɗe maka shafin. Amma a Zamfara, a watan Satumban 2021, turakun sadarwar aka kashe baki ɗaya bisa umarnin NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa. Babu motar da ke tashi, wa za ka ba ambulan?

To ga inda nake so ka natsu. Layinka yana haɗe da lambarka ta NIN tun umarnin Disamban 2020, turken da ke kusa da kai ya san unguwar da kake, kuma kira da saƙon tes ba sa bi ta VPN ko kaɗan. In ka shiga Facebook da sunanka da hotonka ka rubuta magana, kowa ya san kai ne. Sannan sunayen shafukan da kamfanin layi ya daina gani, mai VPN ɗin ne ke ganinsu yanzu. Amana ka ɗauke daga hannun wanda ka san ofishinsa ka miƙa wa wanda ko ƙasarsa ba ka sani ba. Kwamfutocin nan kuɗi suke ci kowane wata. Wanda ya ba ka kyauta, da me yake biya? Da yawa da talla ne da sayar da bayanan masu amfani da su. An taɓa yin wata mai suna Onavo, mallakar Facebook, da ke tattara bayanin manhajojin da mutane ke buɗewa, har aka cire ta daga shagon Apple a 2018.

Shawarata, ka goge wadda ba ka san masu ita ba. In buƙata ta taso akwai Proton VPN ta ƙasar Siwizalan, tana da tsarin kyauta kuma lissafin manhajarta a buɗe yake masana na dubawa. Akwai Psiphon, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Toronto musamman don ƙetare toshiya. Tor Browser ta fi su ɓoye sawu domin ta kwamfutoci uku take ratsawa, sai dai tana da nauyi. Ka kunna in za ka yi aiki, ka kashe in ka gama, musamman kafin ka buɗe manhajar banki.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Azare. An turo min saƙo ta WhatsApp da hoton maƙwabciyata wai ɓarauniya ce ta ci bashi. Ta rantse ba ta ba kowa lambata ba. A ina suka samu?

Amsa: Hajiya, ki yarda da rantsuwarta. Masu manhajar ba da bashi ta waya ne suka turo miki. Ranar da ta sauke manhajar, an nemi izinin shiga lambobin wayarta da hotunanta, ta danna amincewa cikin gaggawar buƙata, a nan take aka kwashe sunan kowa. Wannan abu yana ƙona min rai, domin mutuncin mace ake zubarwa a gaban surukanta da malaman 'ya'yanta saboda kuɗin da bai kai buhun masara ba.

Tun ƙarshen Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa taɓa lambobi da hotuna, FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, kuma tana yi musu rajista. Shi ya sa marasa gaskiyar suka koma turo mahaɗi ta WhatsApp, ko a tura wa juna ta Xender. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, kuna iya kai ƙara can da FCCPC. Ki ɗauki hoton saƙon da lambar da ta turo kafin ki toshe ta. Ba ki tsaya wa kowa ba, ba a bin ki ko kwabo, kuma don Allah kada ki tura hoton gaba. Daga nan ku zauna ke da ita, ku buɗe saitin waya wajen izinin manhajoji, ku duba waɗanda ke ganin lambobi, kyamara da makirufo. In kun ga manhajar tocila ko ta ƙawata hoto a jerin, ku cire mata izinin.

Tambaya: Ina da shagon buga takardu a Wunti. Da na haɗa laftof da wayata, datar wata guda sai ta ƙare a yini. Kuma tana ta ce min in koma Windows 11, in na gwada ta ƙi.

Amsa: Maigida, sabunta kanta take yi ba tare da ta tambaye ka ba, domin an gina ta ne da tunanin masu intanet marar iyaka. Ka shiga saitin Wi-Fi na laftof ɗin, ka zaɓi sunan wayarka, ka kunna Metered connection. Yawancin saukarwar za ta tsaya sai ka ba da izini. Batun Windows 11, tana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon furosesa, tsofaffin na hannu da yawa ba su cika sharaɗin ba, Microsoft kuma ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025. Linux Mint, wadda ake sa wa kwamfuta a madadin Windows, kyauta ce kuma tana tafiya lafiya a tsohuwar na'ura. Ka fara gwada ta daga filash ba tare da goge komai ba, ka ga ko firintarka ta karɓa. In da CorelDRAW kake zanen katin biki da kalanda, ka bar kwamfuta ɗaya a kan Windows, domin ba a yi shi don Linux ba.