Koko Biyu: Amsa ga Yayana na Kano

Yaya, tun ranar da na dawo Kumasi daga bikin 'yarka nake juya maganar da ka yi mini a zaure, sa'ad da na kwance jaka na fito da tsarabar yara. Da ka ga kwalin cakulan na Golden Tree, ka ce ka zaci Bahaushen Zango da goro zai zo kamar yadda kakanni suka saba, sannan ka tambaye ni ko har yanzu muna lissafa kanmu cikin Hausawa, ko kuwa mun zama Tonawa, wato mutanen Asante, har a abin da bakinmu yake so. Ban amsa maka a gaban jama'a ba, domin ba ya kyautuwa ƙane ya ja magana da wansa a taron biki, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Wannan cakulan da ka gani ba alawar kanti ba ce kawai a wurinmu. Kamfanin da yake yin sa, wato Cocoa Processing Company, an kafa shi ne a Tema a 1965, zamanin Kwame Nkrumah, lokacin da ƙasar Ghana ta ƙudurta cewa ba za ta ci gaba da loda ɗanyen koko a jirgin ruwa ba tare da ta sarrafa wani abu daga ciki da hannunta ba. Kowane ɗan firamare a nan ya san cewa Tetteh Quarshie ne ya zo da irin koko daga tsibirin Fanando Po a 1879 ya shuka a Mamfon ta Akwapim. Itacen koko yana jikin tambarin ƙasa, kwanson 'ya'yansa kuma yana kan kwabbanmu na fesuwa 20, sannan an keɓe 14 ga Fabrairu a matsayin ranar cakulan ta ƙasa. Golden Tree yana da tauri, ba ya saurin narkewa a zafin rana kamar na Turai, shi ya sa samfurinsa na Kingsbite da na kawo ya ƙetare Togo da Binin ya iso Kano bai zama kunu ba.

Abin da nake so ka sani shi ne, akwai gumin gidanmu a cikin wannan kwali. Kakanmu ya zo ƙasar nan ne a fataucin goro, amma da kasuwar ta yi masa sanyi, ya yi shekaru yana dakon buhunan koko daga ma'auna zuwa mota, har abin ya bar masa kanta a kafaɗa. Ina tuna Baba yana faɗa mana cewa ƙamshin busasshen koko ba ya barin rigar tsohon ko an wanke ta. Da kuɗin wannan dako aka gina ɗakuna biyun farko na gidanmu na unguwar Aboabo, inda aka haifi mahaifinka da nawa. Da dokar korar baƙi ta zo a 1969, mahaifinka ya ɗaure kaya ya koma Kano, nawa kuwa ya zauna domin tsohuwa ba ta iya tafiya. Ba mu zaɓi zama a nan don mun raina gida ba, kuma yana yi mana ciwo idan aka yi magana kamar mu ne muka juya baya.

Haka abin yake ga Fan Milk, wanda wani ɗan kasuwa daga Denmak ya assasa a 1960. Duk wanda ya tashi a Zango ya san ƙarar ham ɗin mai keke da farin akwati a gaba, ya san yadda muke fitowa daga makarantar allo da la'asar mu haɗa 'yan kwabbai mu sayi FanIce, mu ɓula kusurwar leda da haƙori, mu riƙa miƙa wa juna. Teburin mai shayi kuma ba ya cika sai da gwangwanin Milo da madarar Ideal, waɗanda ake yi a Tema tun 1971. Na san za ka ce masu waɗannan kamfanoni Turawa ne. Gaskiya ne, amma madarar Peak da na ga ba a rasa ta a gidanka asalinta daga Holan take, ta shiga Najeriya a 1954, kuma ban taɓa jin an ce Bakano ya rage Hausanci don ya zuba ta a shayi ba. Abin da uwa ta ba ɗanta yana zazzaɓi, ko aka kai wa mai jego a barka shekara hamsin a jere, ya riga ya zama na mutanen wurin, ko wane ne yake riƙe da takardun kamfanin.

Inda na fi alfahari kuwa shi ne abin da mu muka ba ƙasar nan. Ka fita da asuba a Akara ko Takoradi, za ka tarar da ma'aikacin banki da ɗan sanda da malamin coci a layi gaban wata baba da babbar tukunya lulluɓe da leda, suna jiran kokon gero mai citta da kanumfari da barkono. Sunansa a bakin kowa Hausa koko, kuma yanzu kamfanoni suna zuba garinsa a leda da wannan suna, ana kai wa 'yan Ghana mazauna Ingila da Amurka. Ƙosai ya zama koose, wake da shinkafa da ake dafawa da karan dafi ya zama waakye, tuwon zafi kuma kowa yana cinsa da miyar ayoyo. Ba mu da masana'anta a Tema, amma sunan ƙabilarmu ya zama tambarin karin kumallon ƙasa guda, kuma iyayenmu mata ne suka kafa shi da ludayi.

Ka kuma yi mini shaguɓe a kan aurena, don haka bari in taɓa shi. Uwar 'ya'yana 'yar Asante ce, ta musulunta kafin mu haɗu, kuma an kai mata lefe kamar kowace 'yar Zango. A al'adarsu ɗa na dangin uwa ne, a tamu na uba, saboda haka yaranmu ba su rasa gida ta kowane ɓangare ba. Shekara uku ta yi a gindin murhun Inna tana koyon yadda ake jiƙa gero da tace gasara, yau kuma ita ce take dama kokon buɗa baki na gidan gaba ɗaya a watan azumi. Danginta manoman koko ne, kuma idan suka zo gaisuwar salla, su kawo wa yara cakulan, mu sallame su da masa da fura.

Ban musa cewa Hausarmu ta sha bamban da taku ba. Na lura da yadda 'ya'yanka suka yi murmushi da ɗana ya ce wa ƙanwarsa "ya zo", kuma na san akwai kalmomin Tuwi, harshen Asante, a bakinmu. Amma da wannan Hausar ake wa'azi a masallatanmu, da ita ake ɗaurin aure da raɗin suna, da ita Bagwanje da Bamoshe da Bazabarme suke ciniki a Zango, kuma gidan rediyon ƙasa yana karanta labarai da ita. Abin da nake roƙo shi ne a riƙa tambayarmu kafin a yanke mana hukunci, domin sau da yawa baƙo daga gida yana kwana biyu a Zango ya koma yana ba da labarin abin da muka rasa, bai ga abin da muka riƙe ba.

Idan Allah ya kai mu babbar salla, ina so ka zo da kanka. Zan kai ka ɗakin da aka haifi mahaifinka, inda har yanzu ƙugiyar dakon kakanmu take rataye a bango, mu karya da koko da ƙosai a bakin titin Aboabo. Ka taho mana da kilishi da daddawar Kano, domin Inna ta daɗe tana cigiyarsu.